Munduwar da Ta Ƙi Karcewa

Malam Ummaru na Andarai bai taɓa zagin Jibrilla ba, bai kuma taɓa cewa ya ga aibu a halinsa ba. Magana ɗaya yake maimaita wa duk wanda ya zo masa da batun.

"Mu ba mu ba maƙera aure. Haka munka taras, haka za mu bari."

Fadila, 'yarsa ta fari, ta ji wannan magana har ta haddace ta. Shekarunta ashirin da biyar, tana koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare a Aliero, ranar Juma'a kuma takan koma gida. Ba laifinta ba ne da motar Aliero ke sauke fasinja a Jega, sai an sake wata kafin a kama hanyar Maiyama. Ba laifinta ba ne kuma da rumfar Jibrilla ke layin maƙeran fari, masu aikin azurfa da zinariya, taku kaɗan daga tasha.

Damina ce, shekara guda bayan an yanke Kebbi daga Sakkwato. Tana sauka daga mota aka soma yayyafi, kafin ta kai bakin rumfar ruwa ya kece.

"Malama, shigo daga ciki, kar littattafan yara su jiƙe," in ji Jibrilla. Ya tura mata benci zuwa inda kowa ke iya ganinta daga layin, shi kuma ya koma can bayan uwar maƙera, ƙarfen da yake ƙira a kansa.

Ta zauna, ta zare munduwar da ke hannunta ta miƙa masa. Ta mahaifiyarta ce, wadda ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Azurfa ce mai nauyi, an zane ta da sawun tsuntsu da ƙananan taurari. Kowace damina sai ta yi baƙi, sai an goge ta da toka da lemun tsami, kowace guga kuma sai ta ɗan ci zanen. Yanzu taurarin gefe ɗaya sun kusa ɓacewa.

"Jiya na ƙirga su," ta ce. "Da Inna na raye ashirin da huɗu ne. Yanzu sha tara nika iya gani. Ka ce kana da abin da zai tsai da su."

Jibrilla ya juya munduwar a tafin hannunsa. Ya yi shekara shida a Yamai wurin wani maƙerin zinariya ɗan Sanigal, ranar da zai dawo gida maigidan ya ba shi wata 'yar kwalba da ba ta kai tsawon yatsa biyu ba. Tun da ya dawo bai buɗe ta ba.

"Sunan abin rodiyam," ya ce. "Ƙarfe ne shi ma, ɗan'uwan zinariya, amma ya hi ta tauri nesa ba kusa ba. Narkakke ne cikin ruwan ga. In na sa wutar batiri, zai hau jikin azurfar awa riga. Ba ta sake baƙi, kuma farce da allura ba su cin ta."

"Zai rufe zanen?"

"Ko kaɗan. Ɓawon albasar Aliero ya hi shi kauri sau ɗari. Abin da ya rage na zanen zai tsaya inda yake. Wanda ya tahi kam ba ni iya maido shi."

Ta zuba masa ido yana aiki. Ya dafa munduwar cikin ruwan sabulu, ya ɗauraye ta sau uku, bai sake taɓa ta da yatsa ba. Ya jawo batirin mota daga ƙarƙashin benci, ya ɗaura mata waya, ya zuba ruwan kwalbar cikin wani kofin gilashi. Ruwan launin shayi ne marar madara.

Da ya tsoma ta, ƙananan kumfa suka fara tashi daga jikinta, a jere, a hankali, kamar tana numfashi. Ruwan sama na dukan kwanon rumfar, layin ya yi tsit, kowa ya fake. Fadila ta tallafi haɓa. Sai ta ga kamar ba a kasuwa take ba. Ta ga wani ɗan gida a bakin gulbi, da bishiyar lemu a tsakar gida, tana duba littattafan yara a kan tabarma, ƙarar 'yar gudumarsa na shigowa daga zaure, tin, tin, tin. Ta ga har ƙwaryar furar da za ta ajiye masa, da faifan da za ta rufe ta da shi.

"Malama."

Ta ɗago. Ya riƙe munduwar da awartaki, ruwa na ɗiga daga jikinta. Ta yi fari tas, irin farin wata idan ya faɗa cikin ƙwaryar ruwa. Taurarin sha tara suka fito ɗaya bayan ɗaya, har da wasu biyu da ta ɗauka sun tafi.

Hawaye suka cika mata ido.

"Sai dai in gaya miki gaskiya," ya ce, yana share ta da farin ƙyalle. "Rigar ba ta har abada ba ce. Bayan wasu shekaru za ta soma sirancewa inda take gogar fata. Sai ki maido ta a sake."

"In maido ta daga ina?"

Ya ci gaba da share munduwar.

"Ni so nike ranar da za ta buƙaci sakewa, daga ɗaki zan miƙo maka ita," ta ce. "Ba daga wani gari ba, ba daga gidan wani ba."

"Ni ma abin da nika roƙo ke nan duk sujada," ya ce. "Amma Baffa ubanki ne. Ba ni son ranar da za ki dube ni ki tuna ni na raba ki da shi."

Ruwa ya tsagaita. Ta saka munduwar, ta ja mayafinta, ta fita ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya motar Maiyama za ta tafi ta bar ta.

* * *

Washegari da hantsi tana tankaɗe a tsakar gida, Goggo Yalwa, yayar mahaifinta wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar Inna, ta tsaya a kanta.

"Mi ag ga hannunki?"

"Munduwar Inna ce, Goggo."

"Ba ita ba ce. Shekara ashirin da biyar ina ganin munduwar nan. Ba ta taɓa wanga haske ba, ko ranar da anka kawo ta."

Fadila ta yi mata bayani, a hankali, har da batirin da kumfar. Goggo ba ta ji komai ba sai kalma ɗaya.

"Jega? Wurin maƙerin nan kinka kai ta?"

Ta zare munduwar daga hannun Fadila ta ƙulle a bakin zanenta.

Da la'asar a-kori-kurar Alhaji Sabi'u ta tsaya a ƙofar gida. Mutumin Aliero ne, mai rumbunan albasa da ba ya buɗewa sai ta yi tsada, kuma shekara biyu ke nan yana neman Fadila. Ba mugun mutum ba ne. Ya taɓa kawo mata 'yan kunnen zinariya daga Makka, ta karɓa don kunya, ta ajiye a ƙasan akwati. Ya lura ba ta taɓa sa su ba, abin kuma yana cin sa.

Goggo ta kai munduwar zaure inda yake zaune da Malam Ummaru, aka kira Fadila ta durƙusa daga bakin ƙofa.

Alhaji Sabi'u ya auna munduwar a hannu, ya kai ta kusa da ido.

"Baffa, ni ɗan kasuwa ne, na ga irin wagga a Ikko. Azurfa taushi gare ta, kowa ya sani. Goggo, ara mini zobenki."

Ya ciro makullin motarsa ya ja a kan zoben azurfar Goggo. Layi ya fito a fili. Ya ja makullin a kan munduwar. Babu komai. Ya sake ja, ya goge wurin da babban yatsa, ya miƙa wa Malam Ummaru.

"Ka gani da idonka. Maƙerin ya karɓe ta gaske ya narkar, ya zuba wani farin ƙarfe a kwatancinta. Aikinsu ne, sun iya kwaikwayon zane."

"A gabana ya yi aikin," in ji Fadila. "Idona bai bar kanta ba."

"Ko sau ɗaya?" Goggo ta tambaya.

Fadila ta buɗe baki, sai ta tuna gidan bakin gulbi da bishiyar lemu. Ta tuna ba ta san tsawon lokacin da ta yi a can ba. Shirun da ta yi bai kai numfashi biyu ba, amma kowa a zauren ya ji shi.

Malam Ummaru ya sa munduwar a aljihu ya tashi.

* * *

Ta same shi a bayan gida, kusa da garke, yana tsaye a gindin gawo yana kallon shanu suna dawowa daga kiwo. Rana ta yi sanyi, ƙasa na ƙamshin ruwan jiya. Ta durƙusa nesa da shi kaɗan.

"Baffa."

Ya daɗe bai juyo ba.

"Kin san yadda munduwar nan taz zo gidan ga?" ya ce. "Saniyata ta fari, wadda ubana ya ba ni ina yaro, ita na sayar na sayo ta. Na kai wa uwarki ranar da kinka cika kwana bakwai. Ranar da za ta rasu ita ta cire ta da kanta, ta ce in ba ki. Ba ni da abin da ya rage mini nata wanda hannunta ya taɓa kullum sai ita."

"Don haka na kai ta, Baffa. Tana ƙarewa. Duk gugar da na yi sai in ga kamar Inna nika gogewa." Kuka ya ƙwace mata. "Ban kai ta don in ɓata maka rai ba. Wallahi ita ce. Ka duba taurarin, ka duba inda ta lotsa ranar da saniya ta take wa Inna hannu."

"Na duba. Na ga lotsawar." Ya share fuskarsa da hannun riga. "Amma in na riƙe ta ba ni jin uwarki. Sanyi nika ji. Ban san ko ƙarfen ne ya canza ba, ko ni."

"Baffa, mi ya yi maka? Yana salla, yana riƙe da tsohuwarsa, bai taɓa tsai da ni a lungu ba. In dai don wuta da guduma ne, garmar da muke ci da ita wa ya ƙera ta?"

"Ba ni gardama da ke, ke kika yi boko. Kuma ki ji da kyau, ba ni tilasta miki Sabi'u. Na yi wa uwarki alkawarin ba za a kai ki ɗakin da ba ki so ba. Amma maganar sata ta riga ta hita zaure. Gobe dut Andarai ta ji, jibi Maiyama."

"To a tahi a tambaye shi."

"Za a tahi. Sabi'u ya ce hanya ɗaya ce, a datsa ta biyu gaban jama'a a ga cikinta." Ya juyo ya dube ta, idanunsa jajir. "Taki ce, ba tawa ba. In kin yarda a datsa, mu tahi Jega da sahe. In ba ki yarda ba, ki riƙe abinki lafiya lau, mu kuma mu ɗauka yadda Sabi'u ya ce, sunan yaron nan kuma kar in sake jin shi."

Fadila ta kifa kai a gwiwa. Shanu suka gama shiga garke, 'yan maruƙa na kuka suna neman iyayensu. Ta ga hannun Inna yana tatsa, munduwar na bugun bakin ƙwarya. Ta ga kuma Jibrilla zaune a rumfarsa, mata na wucewa da kayan adonsu a ƙulle, ba wadda ta tsaya.

"A datsa," ta ce.

* * *

Da safe suka kama hanya a motar Alhaji Sabi'u. Baffa da Goggo suna gaba, Fadila na baya a kan buhunan albasa da babu komai a ciki. Gero ya kai gwiwa a gonaki, balbelu sun yi fari a fadama. Ba ta ga ko ɗaya ba sosai.

Kafin su gama sallama a layin maƙeran fari mutane sun taru. Aka kira dattijon da maƙeran layin ke ɗauka babbansu, ya zo yana dogara sanda, aka shimfiɗa masa buzu.

Jibrilla ya durƙusa ya gai da Malam Ummaru, ya saurari zargin har ƙarshe bai katse ba. Fuskarsa ta yi fari kamar an yayyafa mata toka, amma muryarsa ba ta tashi ba.

"Baba, azurfarku ce. Riga na sa mata don kar ta ci gaba da cinyewa. Ga kwalbar, ga batirin. In an yarda, in sa magagari in ɗan goge wuri kaɗan daga ciki, inda ba a gani. Azurfar za ta hito."

"Hakan ya yi," in ji dattijon.

"Bai yi ba," Alhaji Sabi'u ya ce. "Wanda ya iya sa riga ɗaya ya iya sa biyu. Ya shafa azurfa sama, tagulla na ciki. A datsa ta tsakiya, kowa ya gani."

Mutane suka soma gyaɗa kai. Dattijon ya dubi Malam Ummaru, Malam Ummaru ya ciro munduwar ya ɗora a kan uwar maƙera.

"Mai ita ta yarda," ya ce.

Jibrilla ya dubi Fadila, karo na farko tun da suka iso. Ta gyaɗa masa kai, hawaye na bin kumatunta. Ya ɗauki kurfi, ƙarfen da ake datsa da shi, ya ɗauki guduma. Ya ɗora bakin kurfin a tsakanin taurari biyu. Ya tsaya a haka har wani daga baya ya yi tari.

Sai ya ajiye su duka biyun.

"Ba ni iyawa."

"Kun ji ko," in ji Alhaji Sabi'u, a hankali.

"In na datsa ta, zan iya liƙe ta, amma zanen wurin ya tahi ke nan, kuma wuta za ta ci na kusa da shi. Wanda ya zana ta ya daɗe a ƙasa." Ya juya ga Malam Ummaru. "Baba, ku kai ni gaban alƙali, ko ku ce da ni abin da kunka ga dama. Na ga yadda take ƙirga taurarin nan. Hannuna ba shi rage mata ko ɗaya."

Layin ya ɗauki guna-guni. Wata mata ta ce tsoro ne ya kama shi. Wani maƙeri ya ce ya jawo musu abin kunya su duka. Goggo ta ja mayafinta ta ce su tafi, magana ta ƙare.

Fadila ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta ratsa tsakanin mazan, ta durƙusa a gaban uwar maƙera, wurin da ba a taɓa ganin mace ba, balle 'yar Malam Ummaru. Ta ɗauki kurfin da hagu ta ɗora inda ya ɗora. Gudumar ta fi yadda ta zata nauyi.

"Malama, kar ki yi," in ji Jibrilla.

"In ba a ga cikinta ba, ba mai sake kawo maka ko zobe," ta ce tana kuka. "Inna ba za ta so a kira mai gaskiya ɓarawo saboda ita ba."

Ta rufe ido, ta ɗaga gudumar.

Hannu ya riƙe wuyan hannunta a sama. Ta san taurin tafin nan tun tana ƙarama.

"Aje," in ji Malam Ummaru.

Ya zare gudumar daga yatsunta, ya jinjina ta kamar yana son sanin nauyinta, sannan ya miƙa wa dattijon. Ya ɗauki munduwar ya mayar aljihu. Ba wanda ya yi motsi.

"Baffa, ai ba a gama ba," Alhaji Sabi'u ya fara.

"Tada mota, Alhaji." Ya dubi Jibrilla daga sama har ƙasa. "Kai kuma ruhe rumfarka. Da kai za mu Andarai."

"Wurin hakimi za a kai shi?" Goggo ta tambaya. Malam Ummaru ya girgiza kai, ya nufi mota.

A bakin motar Fadila ta nufi baya, inda ta zauna da za su zo. Mahaifinta ya tare ta da sandarsa.

"Ke shiga gaba."

Ta shiga kusa da Goggo. Ta waiwaya ta gilashin baya, ta ga Baffa ya tattare babbar rigarsa, ya taka taya ya hau, ya zauna a kan buhunan, kafaɗarsa dab da ta maƙerin.

Alhaji Sabi'u ya ja motar da ƙarfi. Sun wuce gidajen ƙarshe na Jega lokacin da ta ga bakin mahaifinta ya fara motsi. Jibrilla ya sunkuyar da kai yana saurare, sannan ya ɗago ya ba da amsa, doguwa. Baffa ya gyaɗa kai, ya sake cewa wani abu.

Ta manna kunnenta a jikin gilashin. Ba abin da take ji sai ƙugin inji da iska.